Rariyar Ya Falmata

Ummi, ke da ƙaninki Sadiƙ nake rubuta wa wannan, duk da cewa ke kaɗai ce kika fara haɗa baƙi, shi kuwa har yanzu bai san komai ba sai bin kaji. Ban tsufa ba, kuma lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Sai dai kun san uwarku da tunani, ban iya rataye magana in ce sai gobe ba. Rannan kin dawo daga sashen Baffa Sule kina tambayata, wai da gaske ne tsorona ne ya cinye rabin ɗakinmu? Na ce miki je ki wanke hannu ki ci abinci. Ba wai babu amsa ba ne, amsar ce ta fi ƙarfin lokacin cin tuwo. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ta ba, saboda haka idan kun girma kun ga rubutun ya karkace, ku bi maganar ku ƙyale rubutun.

Ni 'yar Kirikasamma ce, mahaifina masunci. A wajenmu yaro tun yana ƙarami yake koyon kallon ruwa: ta ina ya shigo, ta ina zai fita. Da aka kawo ni Haɗeja gidan su Babanku, gida ne na ƙasa, babba a suna amma matsattse a ciki. Iya, kakarku, tana ɗakin tsakiya. Baffa Sule, yayan Babanku, yana gaba da iyalinsa, shi ne kuma uban gida tunda Malam, kakanku, ya rasu. Mu muna can ƙurya a wani ɗaki wanda idan ka miƙe hannu sai ka taɓa rufi. Babanku tun lokacin aikinsa ke nan, zana wa magina taswirar gida a kwamfuta. Mutum zai zo ya ce ga filina, ina son ɗaki kaza da zaure, shi kuma ya zauna ya ja layuka har gidan ya fito a takarda kamar ka hau sama kana leƙensa.

A shekarar da kogi ya cika ya shigo unguwarmu, kina goye a bayana, Sadiƙ yana ciki. Ruwan bai zo da hayaniya ba. Da hantsi ne, ina tankaɗe, na ga ya shigo ta zaure a hankali yana tura takalman mutane a gabansa. Muka kwashe abin da ya kwasu muka koma gidan wani ɗan'uwan Iya da ke kan tudu. Da ruwa ya janye muka zo dubawa, katangun sun jiƙa sun zauna, ɗakinmu ya zama tsibin laka, ƙafar gadona ce kawai ta leƙo. Tun daga ranar wani abu ya shiga jikina bai fita ba. Hadari na haɗuwa zan fara ɗora kaya a kan kaya. Babanku yana yi mini dariya yana cewa ko buta aka zubar sai na nemi kwalekwale.

A bayan katangarmu ta gabas akwai gidan Ya Falmata. Kun san ta, ita ce mai bandar kifi da take ba ku kai ku tsotsa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata suna gidajen aure, ita kaɗai ce da wata jikarta. Gidanta a kewaye yake da gidaje, ƙofarta tana kan tudu, tsakar gidan kuwa ta gangaro wajen katangarmu. Saboda haka tun zamanin Malam akwai rariya a gindin katangar, kafa ce da ba ta fi bakin tulu ba. Ruwan samanta da na wankin kifinta ta nan yake shigowa, ya bi kwata ta gefen tsakar gidanmu, ya fita titi. Ba abin mamaki ba ne a garin nan, ruwan wani ya ratsa gidan wani. Amma ni ce nake sharar kwatar nan kullum, don ta ƙofar ɗakina take wucewa, kuma ba zan ɓoye muku ba, ƙarnin kifi da cikin fari-fari ba su jituwa. Na sha yin amai a bakinta.

Da rani ya shigo aka yanke shawarar tada gidan da bulo. Baffa Sule ne ya ɗauki mafi nauyin aikin, da shinkafarsa da alkamarsa. Kada ku taɓa ɗaukarsa mugu. Shi ne ma ya fara cewa a gaban kowa:

"Zulai ta sha matsi a waccan ƙuryar. Ga goyo ga ciki. Wannan karon a fitar mata da ɗaki na mutunci, wanda gado zai shiga, yara su sami wajen birgima."

Na sunkuyar da kai na ce na gode, Yaya. A raina kuwa har na jera kwanukana.

Babanku ya fara zane. A gidan da muke zaune babu tebur, sai ya ɗora kwamfutar a kan turmi da aka kifa, bayan la'asar idan an kawo wuta. Ni kuma ina gefe ina tsinke zogale ina kallo. Allon baƙi ne, layukan kala-kala: katanga fara, ƙofofi rawaya, hanyar ruwa shuɗiya. Na lura ba ya zana ƙofa sabuwa kowane lokaci. Yana da su a ajiye, ƙofa da taga da masai har da ɗaki sukutum, kowanne an ɗaure layukansa wuri guda. Shi yana ce masa bulok, ni nake ce masa dunƙule, don da ka taɓa gefe ɗaya duka yake tasowa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, idan ya ɗauko ƙofa ya ɗora a kan katanga, sai katangar ta buɗe daidai faɗin ƙofar, ba tare da ya goge komai ba. Na kasa haƙuri na tambaye shi.

"Wai katangar ta san ƙofa ce ta zo, take matsawa?"

Ya yi dariya, ya ji daɗin tambayar. Babanku idan kana son ka ga haƙoransa, tambaye shi aikinsa.

"Ba ta matsa ko'ina ba. Tana nan. Duba."

Ya ja ƙofar gefe, sai ga katanga ta dawo cif. Ya mayar, ta sake ɓacewa. Ya ce a cikin dunƙulen ƙofar akwai wani marufi da ba a ganinsa. Da Turanci akwai sunan da yake kiransa, ban taɓa riƙewa ba, ni da shi marufi muke cewa. A allo baƙi ne kamar allon, a takarda fari ne kamar takardar, kuma ya kashe layin bakinsa yadda ba za ka ga iyakarsa ba. Duk abin da ya faɗa ƙarƙashinsa sai ya ɓuya. Ya ce sirrin duka yana ga wane ne a sama, wane ne a ƙasa, kamar yadda nake jera zannuwa a akwati. A cikin dunƙulen, dole marufin ya kasance a ƙasan layukan ƙofa. A cikin zanen gaba ɗaya, dole dunƙulen ya kasance a saman katanga. Don ya nuna mini, ya shiga cikin dunƙulen ya ɗaga marufin sama, sai ƙofar kanta ta ɓace, ya rage gibi kawai.

"Kin gani? Ya rufe mai gidansa. Na taɓa buga wa wani Alhaji gida haka, babu ƙofa ko ɗaya. Ya ce in shi aljani ne in gaya masa."

Muka yi dariya har Iya ta leƙo ta ce me aka samu ba a raba da ita ba.

Ana haka wata rana ya iso gefen gabas, inda ɗakina zai zauna. Ina ganin shuɗin layi ya taso daga katangar Ya Falmata, ya miƙe ya bi gefe ya fita titi. Na gane shi nan take, ai ni nake share shi. Sai ya ɗauko dunƙulen ɗaki, wanda har da gado a zane a ciki. Shi ma yana da marufi a ƙasansa, babba, wanda aka yi don ɗigo-ɗigon da ke nuna ƙasar tsakar gida kada su fito a cikin ɗaki. Ya ɗora shi ya manne da katangar gabas. Shuɗin layin ya shige ƙarƙashi. Rariyar ta ɓace, rabin kwatar ya ɓace. Abin da ya rage wutsiya ce ta fito daga ɗaya gefen ɗakin, daidai inda za a yi wajen wanke-wanke. Duk wanda ya kalli zanen zai ce kwatar daga wanke-wankenmu ta fara.

Na ga hannunsa ya tsaya a kan linzamin kwamfutar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ci gaba da sa tagogi.

A ranar na ɗauka zai dawo kansa ya gyara. Amma washegari na ji su da Baffa Sule a zaure, ina kai musu ruwa. Baffa yana riƙe da takardar gwaji da aka bugo.

"Haka ya yi kyau. Bar shi haka. In Iya ta ga layi ya ratsa ɗaki za ta tada maganar Malam, mu kwana a nan. Idan gini ya tashi sai a gaya wa Falmata ta cike tsakar gidanta da ƙasa, ruwa ya koma ta ƙofarta. Ni zan ba ta amalanken ƙasar ma."

"Yaya, gangaren da yawa fa."

"Kai dai zana abin da aka ce. Ba don matarka ake yi ba?"

Na ajiye kofi na fito. Maganar ta zauna mini a ƙirji. Na san tsakar gidan Ya Falmata, na sha shiga siyan kifi. Idan aka cike ta har ta kai tsayin ƙofa, ɗakinta na ƙasa, wanda da ƙyar ya tsira daga ambaliya, shi zai zama rami. Ruwan farko mai ƙarfi a ɗakinta zai kwana. Kuma ina son ɗakin nan, Ummi. Ina son sa yadda ban taɓa son wani abin duniya ba. Na riƙa ce wa kaina ni ba ni na zana ba, ba ni na ce a bari ba, mace ce ni a gidan miji. Amma da na rufe ido sai in ga takalman nan suna shigowa ta zaure, sai dai wannan karon na Ya Falmata ne da na jikarta.

Ranar da zai kai zanen a buga na ƙarshe, da safe ne, yana ɗaura agogo. Na ce masa ina da magana. Ban iya doguwar magana da shi ba a lokacin, sai na ce:

"Abban Ummi, layin nan yana nan ko ka goge?"

Bai tambaye ni wane layi ba.

"Yana nan. Marufi ne a kansa."

"To ka ɗago shi sama."

"Zulai, kin san abin da kike cewa? In ya hau sama, ta tsakiyar gadonki zai bi."

"Na sani. Ni ban ce a fasa ɗaki ba. Ka ɗago shi kowa ya gani. In an gani an ce a gina, a gina. Amma kada a kai wa Iya takarda tana kallo ba ta gani."

Ya zauna a bakin tabarma. Can ya ce shi ma tun ranar bai ji daɗin abinci ba, ya ce da farko ba da niyya ba ne, marufin ne ya yi aikinsa, shi kuma ya ga ya zo daidai da abin da Yaya yake so. Ya buɗe kwamfutar da sauran cajin da ke ciki. Ba a iya kama layin ta ƙarƙashin ɗaki, sai ya kama wutsiyar nan da ta leƙo, da yake layi ɗaya ne tun daga katanga har titi, duka ya haskaka. Ya danna abin da ke kawo abu gaba. Shuɗin layi ya fito ɓaro-ɓaro, ya shigo ta bango, ya ratsa kan gadon da ke zane, ya fita ta ɗaya bangon. Aikin bai kai tsawon shan kofin ruwa ba.

Da yamma aka shimfiɗa takardar a gaban Iya. Iya ba ta karatun boko, amma Babanku ya bi da ita da yatsa: ga zaure, ga ɗakinki, ga na Yaya. Baffa Sule yana ganin shuɗin ya ɗago ya dubi ƙaninsa, ya dube ni. Iya ta kai yatsa kan layin.

"Wannan macijin fa da ya hau gadon Zulai?"

"Kwatar Ya Falmata ce, Iya."

Iya ta janye hannu ta gyara zama. Ta ce ranar da aka huda rariyar nan tana amarya, tana tsaye da tsintsiya. Malam da mijin Falmata suka huda ta tare, ɗaya ta nan ɗaya ta can, har ƙarafunansu suka haɗu a tsakiya. Babu takarda, babu shaida, sai fatiha da suka shafa. Baffa Sule ya ce ya sani, ba wanda ya manta Malam, amma zamani ya sauya, ana iya binne bututu a ƙarƙashin daɓen ɗakin ruwa ya bi ta ciki. Babanku ya ce ana iyawa, sai dai ruwan Ya Falmata da ɓawon kifi da toka yake zuwa, ranar da ya toshe sai an fasa daɓe. Ya ce ya gwada juya ɗakin ta kowace fuska, filin ba ya bayarwa. In za a bar kwata a buɗe, sai an ja bango baya a bar lungu, ɗakin ya koma kusan rabi. Suka yi ta yi, murya a ƙasa, kowa yana kiran sunan Allah. Ni ina bakin ƙofa, kina kan cinyata.

Iya ta ɗaga hannu.

"Ɗakin na wane ne?"

"Na Zulai ne," in ji Baffa.

"To ku kuke ta magana. Ke 'yar masunta, me kika ce? Bututu a ƙarƙashinki, ko lungu a bayanki?"

Ban taɓa magana a zaman gida ba sai ranar. Na kalli gadon nan na takarda, da faɗin da ke gabansa inda na riga na ga kuna rarrafe. Sannan na tuna yadda nake: da ruwa yana bi ta ƙarƙashina inda ba na ganinsa, ba zan ƙara barcin damina ba har in mutu, kuma ranar da ya toshe ba mu za mu fara sani ba, tsohuwar ce. Na ce:

"Iya, a bar lungu. Ina son in riƙa ganinsa yana wucewa."

Baffa Sule ya tashi ya kaɗe rigarsa.

"An ba ki riga kin ce ɗankwali ya ishe ki. Allah Ya sa alheri."

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Gadon aurena, wanda aka tono daga laka aka gyara, bai shiga sabon ɗakin ba ta kowace fuska. A kan a-kori-kura aka mayar da shi Kirikasamma, yana ɗakin ƙanwata. Katifar da muke kwana a kai a ƙasa, wadda ake jinginewa da safe don a sami wajen salla, dalilinta ke nan. A nan na haifi Sadiƙ, ungozoma tana cewa a buɗe ƙofa ta sami wajen sa gwiwar hannu. Baffa Sule ya daɗe yana amsa gaisuwata a taƙaice. Ya ji ciwo ne, don kyauta ya yi da zuciya ɗaya aka mayar masa da rabi a gaban uwarsa. Sai da aka yi sunan Sadiƙ ya kawo rago da kansa, ya tsaya a ƙofa ya ce ai ko ragon ba zai iya juyawa a ɗakin nan ba, muka yi dariya, magana ta wuce. Amma a sashensa har yau in an tashi tsokana, tsoron Zulai ake cewa. Ba su yi ƙarya duka ba. Tsoro yana ciki. Sai dai ba shi kaɗai ba ne.

Babanku kuwa tun daga lokacin, duk zanen da zai kai bugu, abu na ƙarshe da yake yi shi ne ya tattara layukan ruwa ya kawo su gaba da komai, sannan ya kunna iyakar marufai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ga me kowanne ya danne. Wani lokaci yakan juyo da allon ya ce in duba masa. Ba don na fi shi gani ba. Ya san dai ni ruwa nake nema.

Damina ta farko a sabon gida, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi da azahar, na ɗora kayana a kan kaya kamar yadda na saba, na goya Sadiƙ, na riƙe hannunki muka tsaya a bakin lungu. Ruwa ya ɓullo ta rariya da ƙarfinsa, ja da ƙasa, ɓawon kifi yana walƙiya a kai. Ya bi bayan ɗakinmu ya fita titi. Kika sa ƙafa a ciki na janye ki.

Da aka ɗauke, Ya Falmata ta shigo da kifi a faranti, zaninta a bushe. Ba ta san komai ba, har yau ba ta sani ba, kuma ban yarda ku gaya mata ba. Ta leƙa ɗakin, ta dubi katifar da ke jingine, ta riƙe haɓa.

"Ke 'yar nan, mijinki yana zana wa mutane manyan gidaje, ke ya matse ki a wannan akurkin? Ba ki da baki ne?"

Na karɓi farantin na ce, "Ina da shi, Ya Falmata. Shigo ki zauna, in na matsa za mu isa."